Kulu, Ɗakinmu na Otal Ya Sake Cika

Zuwa ga ƙawata Hauwa Kulu, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya, na zaɓi in rubuto miki a nan inda 'yan ƙungiyarmu za su gani, domin su ma kewarki suke yi.

Jiya muka dawo Makka daga taron masu zanen katun da shigar dabbobi a Jidda. Kin san yadda zauren yake, hayaniya da ɗaukar hoto, kowa na cikin kan dabbar da ya ɗinka da soso, ba a ganin fuskar kowa. Daɗin bai fara ba sai da muka hau ɗakin otal bayan la'asar, mu mata zalla, muka rufe ƙofa, kowacce ta tuɓe kan, gumi na zuba, muna rububin gaban na'urar sanyi.

Kina tuna shekararmu ta farko? Ni da dilata mai karkataccen kunne, ke da damisarki. Kika shimfiɗa leda a ƙasa, kika zube tsiren da kika taho da shi daga unguwar Tandabawi ta Makka. Gado ya cika da kawuna kamar suna sauraron hirarmu. A ɗakin nan na gane ba ni kaɗai ke ɓoye yadi mai gashi a ƙasan akwati ba, don kada 'yan gida su ce na yi girma da wasan yara.

Ranar ce kuma wata mai shigar farar zomanya ta biyo mu, bayan ta nuna mana sunanta na ƙungiya a waya. Duk wuni ba ta ce uffan ba. Ta zauna a bakin gado, kika raɗa mini da Hausa cewa wataƙila kurma ce. Sai ta cire kan. Ga dattijuwa mai furfura, tsohuwar malamar firamare, ta dube ki ta ce da Sakkwatancinta, "Ke ɗiyar wa ta?" Kin so ƙasa ta tsage ki shige. Ita kuwa dattijuwar, wadda muke kira Khala Rabi, wato Inna Rabi, dariya ta yi har da hawaye, daga baya ma aka gano ta san kakarki.

Bana ɗakin bai ishe mu ba. Sababbin 'yan matan Larabci ya fi musu sauƙi, Khala Rabi ta zaunar da su tana koya musu sunayen dabbobinsu da Hausa. Da magariba ta yi muka rataye wutsiyoyi a jikin ƙofa, muka jera sahu tsakanin gado da taga.

Bayan salla na karanta musu saƙonki, inda kika ce kin ajiye allura, ba soso mai kyau, ba wanda za ki nuna wa aikinki. Kulu, hannunki ya fi na kowa a cikinmu, ba za mu yarda ba.

To ga albishir. Khala Rabi za ta zo ganin danginta a garinku wata mai zuwa. Mun cika mata akwati da soso da yadi da zare, kowa ta sa nata. Ta ce in gaya miki ki nemo ko yarinya ɗaya mai son zane, sauran aikin kuma ita Khala Rabi za ta ji da shi.

Allah ya raya mana ɗiyarmu, ya sanya albarka a hannunki, ya sake haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Zainabu, daga unguwar Aziziyya, Makka.