Maɓallin da Aka Rubuta wa BABA

Litinin, 3 ga Maris

Na yi jika! 'Yata ta sauka lafiya da hantsi. Mace ce, gashi baƙi ƙirin har goshi. Da na ɗauke ta sai ta damƙe ɗan yatsana ta ƙi saki. Matata ta ce in miƙo mata, na ce ta bi layi, amaryata ce. Malamin ajin yamma da ya koya min riƙe biro da furfurata yakan ce in rubuta ko layi ɗaya ne kullum.

Laraba, 5 ga Maris

An kawo sabuwar na'urar sauya hoto tasharmu ta talabijin. Tsohuwar da na tsufa a kanta layi biyu ne: na ƙasa kore, hoton da ke jira, na sama ja, wanda mutane ke gani a gida. Sai sandar da nake ja, wannan hoto ya narke cikin wancan. Sabuwar kuwa maɓallai rututu, fitilu kala-kala, da ƙananan rubutun Turanci da sai na sa tabarau na haɗa baƙi ɗaya-ɗaya. Injiniyan tasha, mijin 'yata, uban amaryata, ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Ja dai ja ne, kore kore ne. Sauran ni zan koya maka." Allah ya yi masa albarka. Ni na fara kai shi gidana, ban yi zaɓen tumun dare ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na fara gane ta. Na san inda kyamarori uku suke, na san maɓallin da ke ɗora suna a ƙasan hoto. Yau da ɗaki ya watse Injiniya ya ce in buɗe masa labarai yadda na saba, yana so ya ga hannun gwani. Kaina ya kumbura. Tambarin tasha, hoton faɗin ɗakin labarai, in narke a hankali zuwa fuskar mai karatu, in bar ta ta ja numfashi, sannan sunanta. Ya ce in sake. Na sake. Akwai wata 'yar fitila tana ƙyaftawa a gefe, na tambaya, ya ce gwaji ne.

Talata, 18 ga Maris

Manaja ya kira ni. Wai sabuwar na'ura tana haddace aiki, ba a buƙatar mai zama a kanta, darakta zai riƙa dannawa da kansa. Ni in koma gefen kyamara in riƙa ɗaga wa mai karatu hannu, alamar ta fara. Bai ma ce in zauna ba.

Na leƙa ɗakinmu. Injiniya na nuna wa darakta. Ya danna maɓalli ɗaya, sai ga buɗewata tana tafiya, har numfashin nan da nake bari. Babu hannun kowa a kan sanda. Ashe abin da fitilar take yi ke nan. Sun manna 'yar farar takarda a kan maɓallin: BABA. Wannan kam na karanta ba tabarau.

Juma'a, 21 ga Maris

Injiniya ya tare ni a matakala. Wai umarni aka ba shi. Wai da ya faɗa min, da hannuna ya yi nauyi, da bai fito da kyau ba. Na ce, "Ko akuya za a tatsa, ana shafa bayanta." Ya sunkuyar da kai. Da baƙo ne ya yi min, da na ce duniya ce.

Lahadi, 23 ga Maris

Na je ganin amaryata. Injiniya ya fito ya durƙusa, "Baba, sannu da zuwa." Na amsa wa jaririya. 'Yata ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Lafiya dai?" Na ce ciwon baya. Ba zan zuba mata wannan tana shayarwa ba.

Kunnuwan yarinyar nasa ne sak. Na duba sosai ko zan sami musu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ɗaga hannu ba aiki ba ne, amma ana yi.

Buɗe labarai kaɗai suka sata, rufewa darakta ke yi da hannunsa. Kullum sai ya datse mai karatu da sallama a bakinta, kamar ana korar baƙo. Na daure har na gaji. Yau bayan labaran rana na shiga, na tarar da Injiniya shi kaɗai. Ban gaishe shi ba. Na ce rufewar nan abin kunya ce. Ya miƙe ya ba ni kujera, ya tsaya a bayana. Na ce, "To kunna fitilar taka." Ya ce, "Baba, ga inda ake kunnawa," ya nuna min. Ni na danna da kaina.

Sau ɗaya na yi, ta fito.

Ba yafewa na yi ba. Aikin ne ba na son a wulaƙanta. Ya ce gobe zai nuna min yadda ake gogewa a sake, na ce sai na duba ko ina da lokaci. Zan dai tafi da tabarau.