Naɗi Goma Sha Tara na Clement

Darwen, Lancashire,
22 ga Nuwamba, 1998.

Zuwa ga Yayata Winifred,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida Rodney da yara da jikoki. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan da kika ambata, ya sa zafin da kuke shiga yanzu a New Zealand ya zame mata magani. Mu nan sanyi ya sauka, ruwa kuma bai ɗauke ba tun Laraba. Ni dai da sauƙi. An sallamo ni daga asibiti ranar goma sha biyu ga wata, da ƙarfe a ƙugu da sanda a hannu. Doris ta gidan Kawu Ted tana leƙo ni Talata da Juma'a, ta kawo miya, ta yi mini faɗa a kan ƙurar da ke kan littattafaina, ta tafi. Tana gaishe ki.

Wasiƙarki ta watan Satumba ta iso tuntuni, na kuma san kin gaji da duban hanya. Kin roƙe ni in aiko miki da waƙar Mama, wadda marigayi ƙaninmu Clement ya rubuta a kanta, ya karanta miki ta tarho a Kirsimetin bara, ya ce zai kwafa miki amma rai bai kai ba. Zan ba ki amsa, Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai ki yi haƙuri in fara da abin da yake cin raina tun ranar tara ga Maris, 1961. Ran nan littafinsa na farko ya fito, ya kawo mini da hannunsa, yana ta washe baki. Na buɗe shafin godiya. Ya gode wa matarsa Maureen, ya gode wa shugaban aikinsu a masana'anta, ya gode wa wata kyanwa mai ido ɗaya da take kwana kan takardunsa. Ni da na yi wata huɗu ina gyara masa baiti baiti, ina buga masa a tafireta har yatsuna suka yi kanta, ko harafin farko na sunana babu. Littafi bakwai ya fitar, duka bakwai ta hannuna suka bi, kuma duka bakwai haka aka yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Ke shaida ce, ni ne ɗan bokon gidanmu. Ni na ci jarrabawar da ba wanda ya taɓa ci a layinmu, ni Baba ya raka tasha da kwat ɗin aro ranar da zan tafi jami'a, matan unguwa suna tsaye bakin ƙofofinsu. Clement yana da shekara sha biyar ya bar makaranta ya shiga masana'antar takardar ado ta bango. To ga inda muka ƙare. Ni na yi shekara talatin da huɗu ina koya wa 'ya'yan mutane Latin, ba sa so, ni ma daga baya na daina so, har makarantar ta soke darasin ta ba ni agogon bango. Shi kuwa ana karanta shi a rediyo, malamai suna zuwa daga kudu su zauna a ɗakin girkinsa suna rubuta duk tarin da ya yi. Farfesa yake kira na, don tsokana. Yakan ce, Farfesa ya san sunan kowane tsuntsu da Latin, amma bai taɓa tsayawa ya ji kukan ko ɗaya ba. A 1986 na gaya masa abin da ke raina, ban tauna ba. Ya dube ni ya ce to shi ke nan, ya huta da jan birona, ni ma in huta da datti. Daga ranar bai sake kawo mini ko baiti ɗaya ba, bai kuma sake fitar da littafi ba. Duniya ta ɗauka rijiyar ce ta ƙafe.

Ba ta ƙafe ba. A watan Afrilun bana, da ciwon ya ci ƙarfinsa, ya aiko a kira ni, ya ce in riƙe shi mu hau tudu zuwa ɗan lambunsa na haya, inda yake shuka kabeji da albasa. Sau uku muka tsaya a hanya yana mayar da numfashi. Ya buɗe bukkar katakon nan tasa, ya nuna mini saman rufi. Kin tuna tun yana saurayi ba ya iya rubutu a takardar kirki, sai a bayan ragowar takardar bango da yake kwasowa daga wurin aiki, wai baitinsa dogo ne, ƙaramar takarda tana taka masa burki. Yakan kafa ta da ƙusa a jikin bango ya yi rubutu a tsaye da fensirin kafinta. To naɗi goma sha tara na ƙirga, kowanne an ɗaure da igiyar tumatir. Aikin shekara goma sha biyu. Ya warware ɗaya ya karanta mini ta Mama, yadda ƙarar injin saƙa ta kurmantar da ita da sauran matan masaƙa har suka koyi magana da leɓe kawai, da yadda takan tsaya a bakin ƙofa ta zage mu tas daga wancan ƙarshen layi ba tare da sauti ya fita ba, mu kuma mu ji kowace kalma. Yaya, ban taɓa jin abu kamarta ba. Da ya gama ya jira in yi magana. Abin da ya fito daga bakina shi ne, baiti na huɗu ya yi tsawo. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya nuna naɗin ƙarshe, mai furanni shuɗi, ya ce, wancan naka ne Farfesa, sunanka na sama, amma kada ka taɓa sai na tafi, ba na son in ga fuskarka.

Ya tafi a watan Yuni, kamar yadda kika sani. Wasiyyarsa ta ce takardunsa da littattafansa duka na ɗakin karatu na wata jami'a ne a kudu. Ni aka bar wa kujerarsa da keji babu tsuntsu. A Satumba suka aiko wata Dakta Prentice da mota da akwatunan kwali masu launin toka. Mace ce mai kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Kwana biyu ta yi a gidan da farar safar hannu, tana ɗaukar kowace takarda kamar jariri. Ta kwashe littattafan bakwai da bugunsu na biyu da na uku, da wasiƙun manyan mutane, da tikitin jirgin ƙasa da ya yi zane a bayansa, har da jerin cefanen marigayiya Maureen. Ta kwashe kwafin tafireta da na buga da yatsuna, da jan birona a gefe, ta ɗaga ɗaya tana murna ta ce mini, dubi yadda marigayi yake tsananta wa kansa wajen gyara. Na ce haka ne. Ta tambaye ni ko ni ma ina ɗan taɓa karatu, na ce ɗan kaɗan. Ta ce ko zan taimaka in ɗora mana ruwan shayi.

Da ta gama loda mota, ta tsaya a bakin ƙofa da takardar lissafin kayan a hannu, ta ce, Mista Garside, akwai wani wurin da yakan ajiye rubutu? Makullin bukkar da Clement ya ba ni a tudu yana aljihun rigata, Yaya, ina jin sanyinsa a ƙirjina. Na ce mata ban san da wani wuri ba. Ta gode mini, ta yaba shayin, ta tafi.

Na gaya wa kaina ba ɓoyewa na yi ba, jinkirtawa ce. Zan kwaso su in sanyi ya wuce, in gyara, in buga, in kai musu da kaina, littafi na takwas ya fito da sunana a bango a matsayin wanda ya tsara. Sau ɗaya dai kafin in mutu. Nawa mai furanni shuɗin kuma ban hau na duba ba. Kullum sai in ce gobe. Gaskiyar magana tsoro nake ji, ban sani ba godiya ce ko kuwa tsokanar ƙarshe. Girman kai rawanin tsiya, Mama ta sha faɗa mini da leɓenta.

Ranar sha huɗu ga Oktoba na zame a matakalar ƙofata, ƙugu ya karye. Ina kwance a asibiti ban san abin da ake ciki a tudu ba. Ashe dokar lambunan ita ce, mai haya in ya mutu, ana ba iyalinsa zuwa ƙarshen Oktoba su kwashe kayansu, sannan a miƙa wa na gaba a layi, kuma akwai mutum arba'in suna jira. Kwamitin ya rubuta wasiƙa har biyu, cikin ladabi, ya aika wa Clement a gidansa da ke kulle. Na same su daga baya a ƙasan ƙofa, kowacce ta fara da fatan yana lafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Alf Entwistle, maƙwabcin lambunsa, kin san shi, wanda ya taɓa neman ki rawa kika ce ƙafarsa kamar shebur. Sau biyu ya zo duba ni da inabi a jakar takarda. Ya zauna ya cinye rabin inabin, ya yi mini hirar ruwan sama da ƙwallo da tsutsar da ta ci masa kabeji, ya ce in tashi haka nan tsohon banza, gadon na masu ciwo ne. Shi bai ce mini za a kwashe bukkar ba, wai bai ga dacewar damun marar lafiya da maganar mamaci ba. Ni ban ce masa akwai abu a rufin ba, don kada bakinsa ya kai labari kudu. Muka zauna mu biyu, tsofaffi, kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara, muna tofar da 'ya'yan inabi a cikin ɗan farantin kofin shayi.

Sauran kin iya ƙarasawa da kanki, kin san abin da ake yi ranar biyar ga Nuwamba, daren da ake bikin hura babbar wuta a ƙasar nan. Kamar kowace shekara, masu lambu suka tara duk abin da wuta za ta ci a filin ƙasa, tsoffin ƙofofi da karan wake da karyayyun kujeru, matansu suka kawo gasasshen dankali da alewar maɗi.

Washegarin sallamata na sa Doris ta kai ni a motarta. Da rana tsaka muka isa. Bukkar tana nan, an shafe ta da koren fenti, wasu ma'aurata matasa suna juya ƙasa, suka gaishe ni da fara'a. Na leƙa rufin. An share shi tas, an rataye tafarnuwa. Alf ya taho yana share hannu a wando, na tambaye shi takardun bangon da ke sama. Ya ce, au, waɗancan tsummokaran? Ai su suka cece mu, Farfesa, itacen duk ya jiƙe, ba don su ba da wutar ba ta kama ba, Clement ya yi mana rana har bayan ransa. Na ce bai ga rubutu a jiki ba? Ya ce ya ga ɗan zane-zanen fensir a bakin ɗaya, ya ɗauka awon bango ne. Da ya dubi fuskata sai ya cire hularsa. Ya raka ni filin. Baƙin da'ira ce kawai a ƙasa, ruwan mako guda ya dake ta, da ƙusoshi da marfin gwangwani. Na sa sandata na tona. Ban san abin da nake nema ba. Doris ta ce in zo mu tafi kafin sanyi ya kama ni.

Tun ranar nake zaune da takarda da biro ina ƙoƙarin dawo da waƙar Mama. Sau ɗaya na ji ta. Kan nan nawa har yau yana riƙe da shafi ɗari na Latin da na haddace ina da sha shida, zan iya karanta miki su a tsaye ba tuntuɓe, ba kuma wanda yake bukatarsu. Amma na ɗan'uwana, abin da ya rage mini shi ne akwai ƙofa, akwai leɓe, kuma baiti na huɗu ya yi tsawo. Na gwada cike gurbin da nawa, na karanta, na ga aikin malamin makaranta ne, daidai ko'ina, babu rai, na yaga. In kin riƙe wani abu daga abin da ya karanta miki ta tarho, ko kalma uku ce, don Allah ki rubuto mini. Na san layin yana ƙara ran nan, na san kuma kin ce kuka ya hana ki ji sosai.

Dakta Prentice ta aiko mini da kati makon jiya. Wai sun gama jera kayan, akwati sittin da biyu, za a yi ɗan biki a watan Maris, za a sa hotonsa a bango, suna so in zo a matsayin iyali. Ta ce masana suna ta mamakin shirun da ya yi a shekarunsa goma sha biyu na ƙarshe, wani ma yana rubuta littafi a kai. Ban ba ta amsa ba. Ke kaɗai na gaya wa, kuma ban san ko zan iya gaya wa wani ba. Ba na roƙon ki ce ba komai, don da komai.

Ki gaishe mini da Rodney, ki ce masa na ga hoton kifin, ban yarda ba. Ki gaida Gillian da mijinta, da Neville, da 'yar ƙaramar mai sunan Mama. Allah ya raya su, ya sa su riƙa yi wa juna magana.

Ba zan iya aiko miki da waƙar ba, Yaya. Naɗi goma sha tara ne, babu kwafin ko ɗaya, ta Mama tana ciki, tawa ma tana ciki ban karanta ba, duka sun ƙone ranar biyar ga wata.

Ni ne ƙaninki,
Hubert.