Ni Na Ce Ka Cire Asuwakin

Zuwa ga yayana Abubakar, wanda duk unguwarmu Hindawiyya ta Makka ta sani da Habu Mai Asuwaki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Rakiya ce. Yau wata bakwai da muka kai ka. Na san takarda ba ta zuwa inda kake, amma a gaban mutane na kore ka, shi ya sa nake rubuta wannan a inda mutane za su gani.

Yaya, ranar Talatar da ta wuce na gane.

Na je ƙaramin asibitin nan na bayan kasuwa awon suga. Muna zaune muna jiran kira, sai ga wani mutum a kujerar da ke kallon tawa, fari tas, ina zaton Bashame ne, Balaraben ƙasar Sham, da matarsa a gefensa. Kafaɗarsa ta hagu ta yi sama ta dawo. Ya ƙifta ido sau uku. Ya yi gyaran murya irin wanda ba na mura ba. Jakata ta zame daga cinyata, domin kai na gani. Ba kama ba, Yaya, kai ɗin. Haka kafaɗarka take yi, haka idonka yake yi, a jere, ɗaya bayan ɗaya, kamar malami guda ya koya muku.

Sai ya ɗago, idonsa ya faɗa kaina, kalmar ta fito. Zan rubuta ta sau ɗaya saboda mutanenmu na gida da ba su san ta ba. Ya ce, “Abda.” Wato baiwa. Namiji a ce masa abd. Da ita ake jifan baƙar fata a garin nan tun muna yara.

Ba zan ɓoye maka ba, ta soke ni a inda ta saba suka. Mutanen wurin suka sunkuyar da kai. Amma shi mutumin, hannu biyu ya sa ya toshe bakinsa, ya ciji yatsa, hawaye na bin gemunsa. Matarsa ta taso ta durƙusa a gabana. Shekarata arba'in da ɗaya a Makka, ban taɓa ganin Balarabiya ta durƙusa mini ba.

Ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci sun san shi, suna ce masa Turet. Tun yana yaro yake da shi. Ta ce jiki ne ke motsawa ba da izinin mai shi ba, wasu kuma har harshe. Ba duk masu ciwon ke zagi ba, amma wanda abin ya kai shi nan, bakinsa yakan ɗauko kalmar da ya fi tsoron faɗa, a gaban wanda ya fi jin kunyar faɗa wa. Ta ce yana iya riƙewa na ɗan lokaci, kamar yadda ake danne atishawa, amma riƙewar azaba ce.

Aka kira sunana ban ji ba. Na fito ba a auna ni ba, na tako da ƙafa har gida, ina ta faɗin subhanallahi. Ashe a cikin kan ɗan Adam akwai wata jijiya da za ta goce, Bashame da Bahaushe da ba su taɓa haɗuwa ba su ɗaga kafaɗa iri ɗaya. Ashe harshen nan da muke taƙama da shi aro aka ba mu.

Kana shekara tara abin ya fara, ni ina biyar. Da ido ya fara, sai kafaɗa, sai wannan gyaran muryar. Lokacin ne kuma yaran layinmu suke binmu da kalmar idan an aike mu gidan burodi. Kai ne kake sa ni a gabanka, ka toshe mini kunnuwa da tafukanka har mu wuce su. Kai ka tsare ni daga jin ta. Ban san cewa duk wadda ta wuce kunnena, naka take shiga ta zauna ba.

Da ka kai sha huɗu sai ta fara fita daga bakinka. Ranar farko Inna kake miƙa wa ruwa. Ka faɗa, kofin ya faɗi, ka tsaya kana kallon ƙasa kamar wani ne ya yi maganar a bayanka.

Unguwa ta yanke hukunci. Aka ce aljani ne ya shige ka, kuma aljanin Balarabe ne, irin waɗanda ba sa son baƙar fata, shi ya sa ba ya zagi sai da Larabci. An yi maka ruƙiyya, an yi hayaƙi, an ɗura maka man habbatus sauda a hanci. Wani malami ya sa aka danne ka yana dukan tafin ƙafarka, yana ce wa aljanin ya koma gidan iyayengijinsa. Da aljani ya ƙi fita, sai magana ta juya. Aka ce kana sane. Aka ce yawo cikin Larabawa ne ya sa ka raina fatarka.

Inna kaɗai ta ƙi. Idan ka faɗa mata kalmar, ko tsayar da tuƙin tuwo ba ta yi. Abin da take cewa ke nan kullum: “Bakinsa ne, ba shi ba ne.” Ni a lokacin na ɗauka son ɗan fari ne ya rufe mata ido. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ita ta riga likitoci gaya mana, muka ƙi ji.

Kai ka nemo wa kanka dabara. Asuwaki mai kauri, ka gitta shi a tsakanin haƙora kamar linzami. Da shi kake fita, da shi kake dawowa. Da shi ka samu sana'ar tura tsofaffin alhazai a keken guragu, arabiyya kamar yadda muke cewa a nan, tsakanin Safa da Marwa. A nan aka haife ka amma ba ka da iƙama, takardar izinin zama, ka san ihu ɗaya a cikin Harami ya isa askari mai tsaro ya waiwayo, a ɗauke ka zuwa ƙasar da ba ka taɓa gani ba.

Ni nake wanke maka kaya kafin in yi aure. Kullum sai na tarar da guntayen asuwaki a aljihunka, a tattaune, wani da jini. Ina yi maka tsiya, ina cewa kai dai ko akuya ba ta kai ka cin itace ba. Kai kuma ka yi dariya da gefen baki.

Yanzu zan zo kan ranar da nake gudu.

Ranar sunan Safiya, 'yata ta fari. An cika tsakar gida, an yi shinkafa da rago. Baba Ɗanjuma ya zo yi wa jaririya addu'a. Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne dattijon unguwarmu. Yana yaro ya taso daga ƙasar Sakkwato da iyayensa, a ƙafa, shekaru suna hanya. Kowa ya san yana da ƙanwa da aka sayar a hanyar nan, bai sake ganinta ba. A wurinmu kalmar zagi ce. A wurinsa sunan abin da aka yi wa ƙanwarsa ne.

Ka shigo da farar rigarka, da asuwakinka a baki. Na tare ka a bakin ƙofa. Na ce yau ɗaya dai ka rufa mini asiri, dangin mijina suna nan, ba a gaida babba da itace a baki. Ka girgiza kai. Na ce idan ba za ka cire ba ka koma. Ka daɗe kana kallona. Sannan ka cire, ka sa a aljihu.

Ka durƙusa gaban Baba, Safiya tana hannunsa. Na ga kafaɗarka ta yi sama. Na ga jijiyar wuyanka ta miƙe, kana ta haɗiya. Sai ta fito, sau uku, da ƙarfi, a fuskarsa.

Baba bai yi faɗa ba. Ya miƙa wa wata mata jaririyar, ya laluba takalmansa. Abin da ya ce kawai: “Shekara sittin ina jin ta a bakin Larabawa. Ban zaci zan ji ta a bakin ɗanmu ba, da jikata a hannuna.” Ya fita, rabin maza suka bi shi.

Ni kuma na ce kada ka sake taka gidana. A gaban kowa na faɗa. Ka ce, “Ba ni ba ne, Rakiya.” Sau ɗaya ka faɗa, ba ka maimaita ba. Kuma ba ka ce ni na sa ka cire ba. Ba ranar ba, ba bayanta ba. Har ka koma ga Allah babu wanda ya ji wannan daga bakinka. Bakin da ba ya iya riƙe kalma guda ya riƙe asirina shekara goma sha ɗaya. Wannan shi ne abin da nake ta juyawa tun Talata, na rasa inda zan ajiye shi.

Inna ta rasu bayan shekara biyu, ka rasa mai cewa bakinsa ne. Duk Juma'a ina buɗe ƙofa in tarar da jarkar zamzam a bakin dakali. Na san wanda ya kawo. Mun sha, mun yi wa Safiya tofi da shi da ta yi ƙyanda, amma ban taɓa leƙawa in ce ka shigo ba. Idan na hango ka a layi, sai in gyara niƙabi in tsallaka.

Aikin Hajjin da ya wuce, da safe, ka turo wani tsoho daga Muzdalifa zuwa Mina, cikin zafin nan da cunkoso. Sani abokin aikinka ya ce sai da ka kai shi har bakin tantinsa, ka taimaka masa ya sauka, sannan ka zauna a gefen keken. Ba ka tashi ba. Da suka zo ɗaga ka, asuwakin yana bakinka.

A Harami aka yi maka salla bayan la'asar. Mutanen unguwa da suka zo ba su cika mota biyu ba, Baba Ɗanjuma bai zo ba. Amma da liman ya kira sallar gawa, na ga sahu ya miƙe har inda idona ba ya kai. Fari da baƙi da ja, masu harsunan da ban san sunansu ba, duk suna roƙa maka gafara. Babu wanda ya san ka a cikinsu. Na tsaya a cikin mata ina cewa Ya Rabbi, wane ne wannan da na kora?

Bayan kwana uku Sani ya kawo mini kayanka. Riga uku, da Alƙur'ani, da leda cike da asuwaki, duk ka yanke su tsawo ɗaya. Ya ce alhazai da yawa sun ɗauka kai bebe ne. Wata tsohuwa 'yar Katsina duk shekarar da ta zo Umara sai ta ce a nemo mata beben nan mai hankali, shi kaɗai ne ba ya girgiza ta a wurin koren fitila, inda masu sa'ayi suke sassarfa. Ya ce abu ɗaya tak yake ganin yana sa ka cire itacen, idan alhaji ya manta addu'a kana karanta masa. Muddin kana karatu, in ji shi, ko kafaɗarka ba ta motsi.

Na karɓi ledar na jefa ƙarƙashin gado, don a lokacin ban san me aka kawo mini ba. Ranar Talata na jawo ta. Na ɗauki ɗaya na gitta a bakina kamar yadda kake yi. Ban kai tsawon sallar azahar ba muƙamuƙina ya gaji, yawu ya zubo mini. Kai kuma Safa zuwa Marwa sau bakwai, da mutum a gabanka, ka sauke wannan ka ɗauki wancan, fiye da shekara ashirin. Tsofaffinmu baƙaƙe nawa ka tura, kalmar tana bugun haƙoranka tana neman hanya, ba ka bari ta taɓa ko ɗaya ba?

Yaya, ban ce kalmar ta daina ciwo ba. Bashamen nan ba shi da laifi, na sani, na kuma ce wa matarsa ba komai da na dawo hayyacina. Duk da haka na kwana biyu ina jin ta a ƙirjina. Abu biyun duk gaskiya ne, ban san yadda ake haɗa su ba. Abin da na sani shi ne ba ciwonku ne ya ƙirƙiro ta ba. A titi kuka tsince ta, a bakin masu lafiya, waɗanda suke faɗa suna sane kuma ba wanda ya taɓa korar su daga gidan kowa.

Na gaya wa Safiya wanda yake kawo zamzam. Ta ce me ya sa ban taɓa nuna mata kai ba.

Allah Ya jiƙan ka, ɗan Inna. Allah Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara, Ya ba ka ladan kowane taku da ka yi da baƙinsa. Allah Ya sakar maka harshenka a Aljanna, ka yi hira da Inna yadda kake so, ba tsoro, ba itace. Ka yafe mini, Yaya, idan ana yafiya daga can.

Saura abu ɗaya. Baba Ɗanjuma yana nan da rai, idonsa ya tafi, yana gidan 'yarsa a bayan masallacin unguwa. Har yau yana ɗauka ɗan unguwarsa ya dube shi ya zage shi da gangan. Sau biyu ina zuwa har ƙofar gidan ina juyowa. Ina tsoron ya ji kamar na zo in ce masa abin da ya ji ba ciwo ba ne. Ina kuma tsoron bakina, don dole in faɗa masa cewa ka shigo da asuwakinka, ni na ce ka cire.

Na sa ɗaya daga cikin ledar a jakata, don in ɗora masa a hannu ya shafa gurbin haƙoranka. Ban je ba tukuna.

Ƙanwarka,
Rakiya
Hindawiyya, Makka