Makullin Dogo

Litinin, 4 ga Mayu
Shekara uku ke nan rabona da gida. Yaya ya kira, jikin Inna ya sake tashi. "Kai take ta tambaya," in ji shi. Na ce ina hanya. Wace hanya?

Talata, 5 ga Mayu
Na nemi hutu. Manaja ya ce to wa zai riƙa shiga sabar banki, wato babbar kwamfutarsu, yana tura albashin direbobi? Gaskiyarsa. Sabar ba ta sauraron kowa sai ta nuna satifiket ɗinta, wato shaidar ko ita wace ce, kai ma ka nuna naka, ka kuma tabbatar da makullin sirri cewa naka ne. A duk kamfanin nan kwamfutata kaɗai ke da su.
Manaja wai in tura wa Dogo, abokin aikina, makullina ta imel in kama hanya. Na ce ranka ya daɗe, makulli ba ya barin inda aka ƙirƙire shi, kuma duk abin da aka yi da shi, ni na yi. Sai dai Dogo ya haɗa nasa, banki su sa masa hannu a satifiket. Manaja ya ce, "To, kai ka ja wa kanka jira."

Alhamis, 7 ga Mayu
Na zauna da Dogo ya haɗa makullinsa, muka tura wa banki buƙata. Surutu kamar rediyo. Amma hannunsa na da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya juyo allon zai nuna min makullin, na kau da kai. "Haba Malam, ko kai?" Ko ni.

Asabar, 9 ga Mayu
Banki shiru. Na wanke kaya, na shanya a bayan kujera.

Lahadi, 10 ga Mayu
An kara wa Inna waya a kunne. Numfashinta kawai nake ji. Da na tura makullin nan, da yanzu ina gefen gadonta.
Wani abin kuma: ranar da sabar ta karɓi Dogo, me ya rage da za a riƙe ni dominsa? Na fi shi tsada.

Laraba, 13 ga Mayu
Satifiket ya iso. Dogo ya gwada, sabar ta buɗe masa nan take. Ya yi ihu har Manaja ya leƙo. Na ce masa barka, da gaske kuma nake.
Yaya ya ce ta sha ruwan shayi yau.
Na sayi tikiti. Na tafiya kawai. Na dawowa ya yi tsada a makon nan, shi ya sa.