Kuɗin Jirgi ko Kuɗin Makaranta

Hamtramck, Michigan
9 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Mizanur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Nasima da yara. Yaya jikin Umma? Allah ya ƙara mata sauƙi, kai kuma ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Na ji ruwan bana ya sake shiga gonaki a Sylhet, Allah ya sa bai taɓa taku ba. Mu nan lafiya lau, maigidana Habibur yana ta fama da tasinsa. Rubutu na zaɓa saboda duk lokacin da na kira ka, Umma tana gefenka, kuma maganar ba ta kunnenta ba ce.

Ka san shekara shida ke nan ina dafa wa mutanenmu abincin biki a gida. Watan jiya wata mata ta ba ni aikin auren ɗanta, mutum ɗari biyu. Kwana uku ina tsaye a kan shinkafar biriyani da kifi har ƙafafuna suka kumbura. An ci, an yaba, har da masu ƙunshewa a jaka. Da na cire kuɗin nama da shinkafa da ladan mata biyun da suka taya ni, abin da ya rage bai kai na takalmi ba. A wurin bikin ne mai ɗakin taron ya ce zai riƙa ba ni aiki duk mako in na kawo masa rajistar kasuwanci da lasisi da farashina a rubuce. Na gyaɗa kai kamar na gane. Yaya, ko ɗaya ban san ta inda ake farawa ba.

Akwai wata ƙaramar kwaleji kusa da mu da ke koyar da harkar kasuwanci, wata tara, sau biyu a mako, sannan a ba ka takardar shaida. Kuɗin dala dubu uku da ɗari biyu ne. Kuma su ne daidai abin da na tara don in zo ganin Umma a Disamba, bayan shekara bakwai rabona da ita.

Tun daga ranar da na ji kuɗin na kasa zama wuri ɗaya. Da na gaya wa Habibur, dariya ya yi, ya ce, "Rokeya, ɗan kawuna Shafiqul ma yana da irin takardar nan rataye a falo, ga shi layi ɗaya muke bi a filin jirgi muna jiran fasinja." Na ce masa Shafiqul ko shayi bai iya dafawa ba. Daga baya dai ya ce guminki ne, yi yadda kika ga dama, wanda hakan ya fi dariyar nauyi. Maƙwabciyata Bushra, 'yar ƙasar Yaman mai gidan burodi, ta yi karatun. Ta ce rabin darussan gyangyaɗi ta yi, amma a can ta gano shekara biyu tana sayar da burodi a kan asara. Ta ce in zo ta koya min kyauta. Sau biyu na je, duka biyun na ƙare ina taya ta sallamar masu saye.

Shekaranjiya na shiga mota na je kwalejin da kaina. Na tambayi matar ofishin, da guntun Turancina, ko takardar ta kai kuɗinta. Ba ta ruɗe ni ba. Ta ce takardar ba ta samar wa kowa aiki, waɗanda suka zo da sana'a a hannu su ne ke cin moriyarta. Na leƙa wani aji, duk sa'o'in 'yata ne, ni ga shekara arba'in da huɗu. Na karɓo fom na cike, na yaga, na koma na karɓo wani. Yana nan a kan firji. Ranar ashirin da takwas ga wata za a rufe rajista.

In na yi karatun, wataƙila baɗi in zo da ƙarfina, har in riƙa zuwa duk shekara. Wataƙila kuma in tashi ba kuɗin ba zuwan. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ranar Juma'a da muka yi waya, Umma ta kira ni da sunan 'yar'uwarmu marigayiya Shefali har sau biyu, ta tambaye ni ko na dawo daga makaranta. Na ji ka karɓe wayar da sauri ka ce barci take ji.

Yaya, tun muna yara kake ɓoye min abin da zai sa ni kuka. Wannan karon kada ka yi. Me likita ya ce? In Umma za ta gane ni baɗi, zan kai fom ɗin. In kana shakka ko kaɗan, rubuto min kalma ɗaya, in sayi tikiti, ba ma sai Disamba ba.

Ka gaida Anti Nasima da Kawu Motaleb, da Farzana da Imtiaz. Habibur yana gaishe ku. Umma kuwa ka riƙe hannunta ka faɗa mata sunana, ka ga ko za ta ce wani abu.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Rokeya