Suwaitar Mama

Ƙanena Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya aiki, ya amarya? Mu nan lafiya lau, sai dai kaina da ya ɗaure.

Ka san ƙwayar da na daɗe ina sha kowace safiya, saboda 'yar tsokar maƙogwarona, tayirod, ba ta aiki sosai. To, an canza mana likita. Sabuwar ta ɗebi jinina, da sakamako ya fito ta ce wai sojojin jikina, masu kare ni daga cuta, su ne suke cin tsokar. Sojojina fa! Me na tare musu? Na zaci magani za ta canza, ta ce in ci gaba da wanda nake sha. To ina amfanin gwajin? Ina cikin wannan sai ta koma tambayata game da Mama: tana jin sanyi, gashinta yana zuba, tana mantuwa? Ni ce marar lafiya, amma uwata ake tambaya. Wallahi har haushi na ji.

Wai abin yana bin dangi. Ban gane ba, amma don Allah ka dakata da maganar rufe shagon Mama da sayar da keken ɗinkinta. Na san ta ɗinka wa wata hannun riga a baibai, na san kun ce tsufa ne ya taɓa mata kai. Ka dakata kawai.

Yayarka,
Mai Kitso

Ƙanena Auta,

Ina gaishe ka, da fatan kuna lafiya. Saƙonka ya iso, kuma na ji kana cewa mai sayen keken ya matsa. Ya matsa ɗin.

Na je yi wa Mama kitso. Tana zaune a bakin shago cikin suwaitar nan ruwan toka, rana na dukan kwano, kowa na fifita. Tun muna yara muke yi mata dariya a kan suwaitar, ni ma kuna ce min magajiyarta. Da na sa matsefi, gashi ya biyo ni kamar zaren tsohon bargo, irin yadda nawa ya yi kafin a fara ba ni magani. Nan na tuna tambayoyin likita. Na kai ta an ɗebi jini, tana ta mita.

Tsufa ne? Ciwona ne? Ko duka biyun? Ban sani ba, kuma tsoro nake ji.

Yayarka

Auta,

Bayan gaisuwa, ka yafe shirun da na yi. Sakamakon Mama ya fito: ciwona ne sak, har da sojojin. An ɗora ta a kan ƙwayar, kaɗan-kaɗan saboda zuciyarta. Makonni suka shuɗe ban ga komai ba, har na fara cewa kai ne da gaskiya.

Har yau ban gane dalilin da jiki zai yaƙi kansa ba. Likita ta sake yi min bayani, na gyaɗa kai don kunya.

Amma ɗazu na iske suwaitar a rataye a ƙusa, keke na ta ƙara. Mama ta warware hannun rigar nan ta gyara shi. Ta kuma tuna sarai wanda ya kawo baƙo ya taya mata keke, tana zaune ana ciniki kamar ba ta nan. Ta ce ka zo da kanka, tana son ganinka.

Ni dai ba ruwana. Allah ya ba ka sa'a.

Yayarka,
Mai Kitso