Haruna, Ka Gama Sabunta Shimfiɗar, Saura Alkawarina

Daga Mai Wurno, zuwa ga jikana kuma maigidana, Haruna ɗan Safiya, a ƙasar Malesiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wagga takarda ta same ka lafiya. Ƙanwar uwarka Balki ta ce za ta ɗauki hotonta ta sa a shafinta, don kai ba ka buɗe ambulan, sai abin da ya fito a gilashi. To, duk wanda ya leƙo ta kafaɗarka shi ma ina gaishe shi, ya kuma taya ka wannan kacici-kacici. Na girmi kowa a gidan, amma kullum jiya aka haife ni. Ina zaune a gida arba'in lokaci guda, ba ni kuwa da ƙafa. Mene ne ni? Kada ka tambayi kwamfuta, ba ta sani ba.

Ran Juma'a Balki ta zo daga garin Suki da kwamfutar makarantar da take koyarwa, ta ce in zauna in ga abin da mijina ya aikata. Na ce wane mijin, wanda shekara biyar ko albasa bai aiko ba? Ta ce shi ɗin dai, wato kai.

Ka san aji huɗu na yi, sauran karatuna na allo ne, don haka sai da ta bi da ni a hankali. Ta ce duk mai son gina shafi a intanet, na kanti ko na asibiti ko na makaranta, ba sai ya fara daga fili ba. Sai ya zo ya ɗauki shimfiɗar da ka yi, an riga an ja layi, an kafa ginshiƙai, an bar gurbin ƙofa da taga, shi ya ɗora nasa ginin a kai. Kyauta. Kuma a buɗe take, kowa yana ganin cikinta, wanda ya ga ɓaraka ya gyara ya aiko maka. Yanzu ka fitar da sabuwa, ba ƙwaskwarima ba, tun daga tushe ka sake ta.

Haruna, na ga abin mamaki.

Ta kama gefen shafin ta matse shi, sai rubutu da hotuna suka jera kansu ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kamar matan da ke cikin motar Sinnar in an ce a matsa wa mutum guda. Ta saki, suka sake bajewa. Ta ce haka zai zauna daidai a wayar talaka da babban gilashin ofis, ba wanda ya taɓa shi. Na sa ta maimaita har sau shida. Ta rubuta Larabci, ya taso daga dama yadda Allah ya yi shi, bai hau kan na boko ba. Sai ta rubuta sunana, Ɗayyiba, ya fito da ƙugiyarsa a ka. Ta ce a da wani ɗan akwati ne ke fitowa a wurin harafin farko. Shekara saba'in da wani abu ina amsa sunan nan, ban taɓa ganinsa ya tsaya da kyau haka ba.

Daga nan ta gangara wurin sunayen waɗanda suka sa hannu a aikin. Tana karantawa har shayina ya huce. Wasu sunayen sai da harshenta ya harɗe. Mutanen da ba su taɓa shan ruwan kogin nan ba, ba su san Mai Wurno gari ba ne ko sunan tsuntsu, suna bin layin da ɗan Safiya ya ja. Yaron da na sha ɗebe wa majina da bakin gyalena. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya koya wa mutum abin da bai sani ba.

To, yabo ya ƙare, maigida, gyara zama.

Bara ka ce mini a waya, da sunan da ake kiran kaka a nan: "Habboba, bari in fitar da sabuwar, sai in zo." Ga ta ta fita. Yanzu Balki ta ce wai ba ka iya motsawa. Ka kwashe tsofaffin facin da aka yi saboda tsofaffin kwamfutoci, masu su suna ta ƙorafi, saƙo na shigowa ba dare ba rana. Akwai mutum uku da kuka daɗe kuna aikin tare, amma mabuɗin karɓar gyara yana hannunka kai kaɗai. Wai in ka ɗauke ido wata guda abin zai mutu.

Ni kuwa idona ne ba ya jira. Na hagu ka san ya tafi. Na dama kuma yanar ido tana rufe shi, likitan Sinnar ya ce bayan Sallar Layya zai yi aiki, amma da na tambaye shi ko zan ci gaba da gani, sai ya kama gyaran takardunsa. Dubi girman harufan nan, ba ado ba ne. Ina son in ga fuskarka kafin wuƙarsa ta taɓa ni.

Bari in ba ka labarin da kai ne sanadinsa, don tun ranar da ka faɗo duniya kake jawo mini aiki.

Da aka kawo ni gidan nan, uwar kakanka, Inna Ige, ta miƙa mini tukunyar kullun kisira, siririyar wainar dawar nan tamu, da ɗan ragowa a gindinta. Ta ce: "Wannan ba a wanke shi, ba a ƙarar da shi. Ki ci, ki rage, ki ciyar da shi." Ita ma daga tata surukar ta karɓa. Kullum in na gama yin kisira sai in bar ɗan ludayi guda, in zuba sabon garin dawa da ruwa a kai, kashegari ya tashi. Kisirata ta yi suna har bakin kasuwa, siririya, kana ɗaga ta kana hango mutum ta ciki.

Ni ma fa rowarsa nake yi. Mace ta zo da kofi, sai in ce ai yau bai tashi ba. Mutum ɗaya ce ta fi ƙarfina, maƙwabciyarmu Batul, matar mai gyaran injin ban ruwa. Ta zauna a ƙofar madafina da jabanarta, 'yar butar gahawa, ta ce ba ta tashi. Da la'asar na gaji na ɗiba mata, ina harararta.

Shekarar da aka haife ka a garin Damazin, haihuwar ta zo wa Safiya da wuya, na tafi a gaggauce, na yi kwana arba'in ina dafa ruwan wanka. Tukunyar na bar wa kakanka, Allah ya jiƙansa. Na nuna masa gari, na nuna masa ruwa, ya ce ya gane, shi da ke sarrafa ruwan gona guda ai tukunya ba ta gagare shi.

Na dawo na tarar da ita a kife a rana, tana walƙiya. Ya ji tana tsami, ya ɗauka ta lalace, ya sa toka da sabulu ya wanke ta tas, har da soso. Yana tsaye yana jiran godiya.

Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar Inna Ige ce ta sake rasuwa. Abin da ya ratsa hannun mata uku, ya zo ya ƙare a hannun namiji mai tsabta.

Ina cikin haka Batul ta shigo da kofi a rufe da faifai. Ta miƙo mini, ta ce: "Naki ne, ya zo gaishe ki." Ashe ta ba 'yarta da ke ƙetaren kogi, 'yar ta ba matan unguwarsu, har Suki ya kai. Abin da nake tsaro a tukunya ɗaya ya daɗe da cika gari ban sani ba. Kuma da na yi kisira da shi, ta fi tawa saurin ɓantarowa daga kasko, don Batul tana ɗan barbaɗa garin alkama. Ban taɓa faɗa mata ta fi ni ba. Yanzu da ta kwanta dama, ga shi na faɗa a gaban duniya.

Ka ga wanda na amince wa don na gida ne, shi ya kashe. Wadda na ba ina harara, ita ta raya, don ita ta san aikin. Mutanen nan naka uku sun san aikin, Balki ta nuna mini sunayensu sun fi na kowa yawan fitowa. Ka ba su mabuɗin. Masu ƙorafi za su yi, su gaji, su saba. In wani abu ya fashe kana hanya, akwai shi a gidan wasu.

Ka zo, Haruna. Ba sai ka kawo tsaraba ba, na yafe cefanen shekara biyar. Ka hau motar Sinnar, ka sauka inda ka sani, ka tsaya a bakin ƙofa ta hannuna na dama, inda haske yake. In ka yi gemu ka bar shi in gani, in ya yi muni zan faɗa maka.

Allah ya sa albarka a aikin hannunka, ya amfani waɗanda ka sani da waɗanda ba za ka taɓa sani ba. Allah ya haɗa ka da abokan aiki masu amana, ya sassauta maka zuciya ka yarda da su. Ya kawo ka lafiya kafin Layya, ya bar mini hasken da zai ishe ni ganinka. Amin.

Ni ce matarka ta fari, wadda ba ta yaji,
Habbobarka Ɗayyiba.

Amsar kuwa, tsamin kullun kisira ne, wanda ake ragewa a gindin tukunya. Na jiya ake zuba wa na yau.